Tambayar da ban yi wa Baba ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Keffi, saura ƙiris in makantar da mahaifina da biro. Biron ma ba nawa ba ne, aro na yi a hannun wata mata.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni mutum ce mai gaggawa. Mahaifiyata takan ce bakwaini ce ni, ko a ciki ban iya jiran wata tara ba, kuma tun daga nan ban sake jiran komai ba. In na ɗora tukunya sai na buɗe ta sau goma. In na shiga mota a tasha ta ƙi cika, har sauka nake yi in taya kwandasta kiran fasinja. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen labarin.

Mahaifina mai walda ne. Rumfarsa na bakin hanya a wajen unguwar Yara, kuma ƙofofi da tagogin gidaje da yawa a unguwar daga hannunsa suka fito. Ya kusa shekara arba'in yana wannan sana'a. Bai yi boko ba. Ni ce 'yar farinsa, ni ce kuma na fara zurfin karatu a gidan, saboda haka duk takardar da ta shigo, daga ta wuta har ta asibiti, ni ake miƙa wa. A hankali na saba da amsa tambayoyi a madadin kowa, har na manta cewa masu amsar suna nan da bakinsu.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Baya, in ji shi, kuma wane mai walda ne bayansa ba ya ciwo? Mahaifiyata ta sa aka kawo masa saiwoyi daga wajen danginta a Panda, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, aka shafa man zafi har gidan ya ɗauki wari. Sai ciwon ya gangara ƙafar hagu. Wata rana ya dawo daga masallaci da silifas ɗaya, ɗayan ya fita daga ƙafarsa a hanya bai ji ba. Muka yi dariya, shi ma ya yi. Bayan mako biyu ya faɗi a rumfa, rodi mai zafi a hannunsa. Nan dariya ta ƙare.

Likitan da ya duba shi ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar guduma, ya tsikare shi da allura a tafin ƙafa, sannan ya ce yana zaton wani abu ne ke danne jijiya a ƙashin bayansa. Eksire ba zai nuna jijiya ba, sai hoton da ake kira MRI. Ya ƙara da cewa kada mu yi sanya, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta shige ni ta hana ni zama. Washegari na ɗauki izini a makaranta, na tafi wani asibiti a Abuja ni kaɗai don in karɓar masa rana. Suka ce mako biyar. Na yi magiya, na yi Turanci, na yi fushi, na koma magiya. Mako biyar dai. Suka miƙo mini fom suka ce a cike shi a kan marar lafiyan, tambayoyi ne a jere, kowace da gurbin e da gurbin a'a.

Ina zaune a benci ina lalube jaka, wata mata da ke kusa da ni ta ba ni aron biro. Ta sunkuyo ta ce, “'Yar'uwa, in ba ki shawara? Kada ki kuskura ki sa e ko a guda ɗaya. Ƙanina ya sa, suka ce sai ya je ya yi wani gwaji ya dawo, ya rasa ranarsa. Ki bi su duka da a'a ki huta.”

Tambayoyin farko ba su da wuya. Ko an taɓa sa masa na'ura a zuciya? A'a. Ko an taɓa ɗaure masa ƙashi da ƙarfe? A'a. Ko harsashi ya taɓa shiga jikinsa? A'a. Sai na iso wadda ta ce: ko ya taɓa aikin walda ko gurzar ƙarfe, kuma ko ƙarfe ya taɓa shiga idonsa?

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban sani ba. Na sani sarai. Na taso ina ganin Baba yana dawowa gida da jajayen idanu, mahaifiyata na ɗiga masa madarar gwangwani don zafin hasken walda. Na kuma san yadda suke yi a layinsu in ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa wa mutum a ido: akwai mayen ƙarfe da suka cire daga tsohuwar lasifika, yana manne a jikin ginshiƙin rumfa, sai a ɗaga fatar idon a kusanto da shi, ɓurɓushin ya tsinko ya manne. Na ga an yi masa haka ba sau ɗaya ba. Amma na ce a raina, mene ne haɗin ido da baya? Bayansa za a ɗauka. Wayata na hannuna, kiran minti ɗaya ne tsakanina da shi. Ban kira ba. Na sa a'a, na rattaba hannu, na mayar wa matar bironta har da godiya.

Da na koma gida Baba ya tambaye ni yadda hoton yake. Shi mutum ne mai son sanin cikin kowane inji, in ya ga sabon janareto sai ya zagaye shi sau uku. Na ce, “Hoto ne kawai, Baba, kamar eksire.”

Ya ce, “To da me yake gani, tunda kin ce har jijiya yake nunawa?”

Na ce, “Abin na likitoci ne. Kai dai kwanciya za ka yi su ɗauka.”

Ya dube ni, ya ce to. Gaskiyar magana ni ma ban san da me yake gani ba, amma ban iya cewa ban sani ba.

Makon nan biyar sun yi mini tsawon shekara. Kullum in na tashi daga makaranta sai na biya gida in sa shi ya motsa yatsun ƙafa ina kallo. Har ya fara ce mini sufeto. Ina cikin aji ina rubutu a allo, hankalina na kan babban yatsansa na hagu.

Ranar tafiya, abokin Baba ne ya kai mu a motarsa. Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota, shagonsa na jikin rumfar Baba tun kafin in yi wayo, kuma duk gidanmu Oga muke ce masa. Hausarsa ta ishe shi ciniki da faɗa, sai dai har yau mace da namiji duk “ka” ne a wurinsa. Muka fita bayan asuba, amma cunkoson Mararraba bai san asuba ba. Ina kujerar baya ina duba agogo, ina leƙa taga, ina tsaki.

Oga ya dube ni ta madubi ya ce, “'Yata, ka zauna lafiya mana. In ka girgiza ƙafa, mota ba zai tashi sama ba.”

Baba ya ce, “Ƙyale ta. Haka aka haife ta.”

Mun isa saura minti goma. Aka ba Baba rigar asibiti, aka karɓe agogonsa da zobensa da makullan rumfa. Wadda za ta ɗauki hoton wata matashiya ce, ta ɗauko fom ɗin ta karanta tambayoyin da Turanci da sauri-sauri, ni kuma ina tsaye a tsakaninta da Baba ina amsawa tun kafin ta kai ƙarshen kowace. Oga ya zauna a waje. Na tura Baba a keken marasa lafiya har bakin wata ƙofa mai kauri, zuciyata na cewa alhamdu lillahi, an zo wurin.

A bakin ƙofar sai matashiyar ta ce a sauya keke. Ta jawo wani daga gefe, ta ce a mayar da shi kan wannan. Baba ya zauna, ya shafa hannun keken, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kasa kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ya ce, “Wannan ba ƙarfe ba ne.”

Na ce, “Baba, mu je, lokaci.”

Ya ce, “Sun karɓe makullaina, sun karɓe zobe, yanzu ga keke ba na ƙarfe ba. Me ya haɗa su gaba da ƙarfe a ɗakin nan?”

Na ce dokarsu ce kawai, na kama keken zan tura. Ashe matashiyar tana jin Hausa. Hausarta irin ta wajen Akwanga ce, mai ɗan lanƙwasa. Ta yi murmushi ta ce, “Baba, injin nan mayen ƙarfe ne gaba ɗayansa. Da shi yake gani. Kuma ba a kashe shi, ko ba a ɗaukar hoto yana ja.”

Baba ya miƙa hannu ya riƙe bakin ƙofar. Ina turawa, keke ya ƙi tafiya.

Ya ce, “Mayen ƙarfe? Ya kai na lasifika ƙarfi?”

Ta yi dariya ta ce, “Baba, wancan keken da ka sauka a kai, in ya shiga ɗakin nan sama zai yi ya manne.”

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “To 'yata, dakata. Ina da ajiya a idon dama.”

Jama'a, a nan ne ya kamata in ji kunya in yi shiru. Ban yi ba. Na sunkuya na ce masa a kunne, “Baba don Allah, wannan ai tsohon zance ne, in ka tayar da shi za mu rasa ranar nan.” Bai ko juyo ba. Ya ce wa matashiyar a kira masa abokinsa da ke waje, shi ne shaida.

Oga ya shigo yana riƙe da hular Baba. Da ya ji tambayar ya dafe kai. Ya ce, “Chineke! Na tuna. Ranar da dutsen giranda, injin yanka ƙarfe, ya fashe, yana yanka ƙofar wani coci. Guda uku ya shiga. Ni da hannuna na sa masa magnet, biyu ya fito, na uku ya ƙi. Mun yi, mun yi. Ido ya kumbura sati ɗaya, daga baya ya sauka, shi ke nan muka manta.”

Baba ya ce, “Kai ka manta. Ni in na kusanci babban mayen ƙarfe ina jin sa yana ɗan motsi.”

Fuskar matashiyar ta sauya. Ta ja keken baya, ta rufe ƙofar nan, ta tsaya a gabanta. Ta yi mana bayani a hankali, kuma a wannan karon Baba take kallo, ba ni ba. Ta ce in akwai ɓurɓushin ƙarfe a ido ko kusa da shi, injin zai iya juya shi ko ya ja shi, ya yanki abin da ke gefensa. Ana iya rasa idon. Nan na tuna cewa idon hagu na Baba ya daɗe da yin yana, da na daman nan yake ganin duniya.

Sai ta ɗaga fom ɗin ta ce, “Wa ya cike wannan? An tambaya a nan, an sa a'a.”

Sa hannuna na ƙasa, ɓaro-ɓaro. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

Ya ce, “Laifina ne. Ni ne ban gaya mata ba.”

Oga ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya san na sani, don sau nawa ina tsaye da kwanon abincin Baba a hannu ana ciro masa ƙarfe a ido.

Aka tura mu eksiren ido a ranar. Ga shi nan kuwa, ɗan fari tas a cikin hoton, bai kai ƙwayar gero ba, kwance a naman da ke gefen ƙwayar idon. Aka soke MRI. Kafin mu fita matashiyar ta ja ni gefe, ba da faɗa ba, ta ce, “Anti, da kin sa e tun ranar farko, da an yi wannan eksiren an cire abin a cikin makon biyar da kuka yi kuna jira. Don haka muke ba da fom ɗin tun da wuri.” Ashe ƙanin matar nan mai biro ba a kore shi ba ne, lafiyarsa aka tsare. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa, ni kam na ga haihuwar da idona.

A hanyar dawowa ban duba agogo ko sau ɗaya ba. Mun shafe awa biyu tsakanin Nyanya da Masaka. Oga ya sayi gasasshiyar masara ta taga ya miƙo mini, na riƙe ta har Keffi ban ci ba.

Sai da aka ƙara mako huɗu. Likitan ido ya ciro ɓurɓushin, aka jira wurin ya warke, aka sake eksire, sannan aka sake ba mu rana. A cikin makon nan huɗu babban yatsan Baba na hagu ya daina motsi gaba ɗaya. Na daina zuwa aikin sufeto, don ba na iya kallo. Nakan zo in tsaya a kicin wajen mahaifiyata in tambaye ta, ita kuma ta ce, “Ga shi can a ɗaki, bakinsa ƙalau, je ki tambaye shi.”

Ranar da aka sake komawa, matashiyar ta kawo sabon fom. Na karanta wa Baba tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da Hausa, yana amsawa ina rubutawa. A nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba, har da cewa an taɓa yi masa ɗinki a cinya yana saurayi, lokacin da yake koyon aiki a garin Nasarawa. Ya shiga injin, ya yi kusan minti arba'in. Da ya fito na tambaye shi ko ƙarar ta dame shi, ya ce ƙarar ba ta kai ta rumfarsa ba, sai dai yana so a bar shi ya ga bayan injin. Ba a bar shi ba.

Hoton ya nuna abin da likita ya zata. Ɗaya daga cikin faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya zame ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Likitan ya nuna mana a allo, jijiyar na tafe sai ta matse a wuri ɗaya kamar tiyon da aka taka. Aka yi masa aiki, ciwon ya tafi, ya tashi ya taka. Amma tafin ƙafar hagu bai dawo daidai ba. Har yau yana ɗan jan sa.

Na tambayi likitan, ni da shi kawai, ko makon nan huɗu ne suka jawo. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba, mai yiwuwa jijiyar ta riga ta gaji tun kafin mu zo. Na so a ce ya zaɓi ɗaya.

Sai da Baba ya koma rumfa na iya yi masa maganar. Na same shi da la'asar yana zaune a benci, sabon tabarau na aiki rataye a wuyansa, wanda Oga ya saya masa yana ta mita. Na durƙusa na ce, “Baba, na san da ƙarfen. Na ga tambayar, na sa a'a da gangan. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Na sani. Tashi, ƙasa akwai ƙusa.”

Na ƙi tashi. Ya daɗe yana juya wani guntun rodi a hannu. Sannan ya ce, “Tsoro ne ya sa ki, na gane wannan, kuma don ni kika ji tsoron. Ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, ranar nan ina zaune a keke, yarinyar nan tana tambaya a kan jikina, ke kina amsawa, kamar na riga na mutu. Takarda taki ce, ban musa ba. Amma ƙarfe fa? Shekara arba'in. Da kin ce mini mayen ƙarfe ne, tun a tsakar gida zan gaya miki.”

Ya nuna mini ginshiƙin rumfar. Ashe ya roƙi likitan ido ya ba shi ɓurɓushin a 'yar kwalba, ya kawo shi ya manna a jikin mayen ƙarfen lasifikar nan. Ya ce shekara ashirin da wani abu suna neman juna, gara ya haɗa su.

Abin da zan ce muku ke nan, musamman mu da muka yi boko muke raka iyayenmu asibiti. In aka ba ku takardar nan kafin MRI, ba don a ɓata muku lokaci ba ne. Ku karanta wa mai jikin kowace tambaya da harshen da yake ji, ku gaya masa injin mayen ƙarfe ne, ku yi shiru ya amsa. In e ce, ku sa e. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gaggawa kam ba ta sake ni ba, har gobe ina buɗe tukunya. Amma duk Juma'a Baba yakan biyo ta gidana bayan masallaci, kuma tun daga bakin get nake gane shi ne, saboda takun ɗaya na sauka, ɗayan na jan ƙasa. Da can nakan ruga in tare shi in karɓe masa sanda in yi ta sauri-sauri. Yanzu tsayawa nake yi a bakin ƙofa, ina sauraron takalmin nan yana tahowa a hankali, in jira shi har ya iso.